Tarihin Dennis Ritchie, Mutumin Da Ya Rage Wa Harshen Kwamfuta Kaya

Daga Wakilinmu Na Arewa, Maiduguri

A wannan makon, filinmu na tarihin mashahuran mutane zai kawo wa masu karatu labarin wani Ba'amurke mai suna Dennis Ritchie, wanda ya mutu cikin shekarar 2011. Da wuya a sami wanda ya taɓa jin sunansa a Kasuwar Monday ta nan Maiduguri, ko a Agege ta Ikko, ko a Sabo ta Badun, amma kuwa duk mai wayar Android cikin aljihu yana cin moriyar aikinsa dare da rana. Dalili kuwa shi ne, ƙashin bayan babbar manhajar da ke tafiyar da irin wannan waya, watau Linux, an rubuta shi ne da wani harshen kwamfuta da ake kira C, shi kuwa wannan harshe Ritchie ne ya ƙago shi fiye da shekara 50 da suka wuce.

Harsunan kwamfuta da aka ƙago tun daga wancan zamani sun fi a ƙirga, yawancinsu kuma an manta da su. Abin da ya sa na Ritchie ya yi ƙarko yana da nasaba da shawarar da ya yanke tun farko game da abin da za a cusa cikin harshen kansa, da abin da za a bari a waje. Duk wanda ya taɓa rako shanu ko bandar kifi daga Borno zuwa Kurmi ya san irin wannan shawara. Ba ka ɗaukar tukunya da murhu da gado, domin ka san za ka tarar da su a zango wurin mai gida. Abin da za ka rataya shi ne wanda ba ka iya rabuwa da shi ko na yini ɗaya. Wanda ya ce sai ya ɗauki kome, kayansa za su hana shi shiga mota. Wanda kuma ya fita hannu rabbana, alhali zangon da ya dogara gare shi ba kome cikinsa, zai kwana da yunwa.

UWAR HARSHE DA RUMBU

Kafin mu shiga tarihin, ya kamata mu ɗan yi wa masu karatu bayani. Na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, ba ta jin Hausa ba ta jin Turanci, lambobi kaɗai take ganewa, kuma kowane irin inji da irin lambobinsa. Saboda haka mutum yakan rubuta umarninsa da wani harshe mai ƙa'ida wanda ɗan Adam ke iya karantawa, sa'an nan wata manhaja, wadda za mu kira tafinta, ta juya rubutun zuwa lambobin injin. In an ƙera sabon irin inji, tilas a yi masa nasa tafintan.

To, mai ƙago harshe yana da wuri biyu na ajiye kowane abu. Na farko shi ne uwar harshe, watau kalmomi da ƙa'idodin da tilas kowane tafinta ya san su. Na biyu shi ne rumbu, inda ake tara ƙananan ƙunshin umarni da aka riga aka rubuta, kowane da sunansa, mai bukata ya kira shi kamar ɗan aike. Abin da aka sa cikin uwar harshe, tafinta yana iya duba shi ya kama kuskure, amma yana ƙara wa kowane tafinta nauyi, kuma in ya shiga, fitar da shi sai an sha wuya. Abin da aka bari cikin rumbu ana iya gyara shi ko a musanya shi ba tare da an taɓa tafinta ba, amma tafinta bai san cikinsa ba, balle ya tsare mai amfani da shi daga kuskure.

HAIHUWARSA DA KARATUNSA

An haifi Dennis MacAlistair Ritchie ran 9 ga watan Satumba, 1941, a garin Bronxville na jihar New York, ya kuma tashi a garin Summit na jihar New Jersey. Mahaifinsa, Alistair Ritchie, masani ne a ɗakunan bincike na Bell Labs, mallakar kamfanin tarho na AT&T, har yana cikin mutum uku da suka wallafa wani littafi cikin 1951 a kan tsarin makunnan lantarki irin waɗanda ke haɗa kiran tarho. Yaron ya shiga Jami'ar Harvard inda ya sami digirinsa na farko a fannin fiziks cikin 1963, sa'an nan ya ci gaba da karatun lissafi. Ya rubuta kundin digirinsa na dakta cikin 1968, amma bai cika sharuɗɗan ƙarshe na karɓar takardar ba, kuma har ya mutu bai karɓe ta ba.

Tun cikin 1967 ya bi sawun mahaifinsa ya kama aiki a Bell Labs da ke Murray Hill. Ya tarar ana tsakiyar wani gagarumin aiki da ake kira Multics, wanda Bell Labs da Jami'ar MIT da kamfanin General Electric suka haɗa hannu a kai, da niyyar gina babbar manhajar da mutane da yawa za su yi amfani da inji ɗaya a lokaci guda. Harshen da aka zaɓa domin aikin shi ne PL/I na kamfanin IBM, wanda aka so ya biya bukatar masu kimiyya da ta 'yan kasuwa gaba ɗaya, saboda haka aka jibga masa kaya iri-iri cikin uwar harshe. Tafintansa ya yi jinkirin samuwa, har sai da wasu ma'aikatan Bell suka haɗa na wucin gadi mai ɗaukar wani sashe na harshen kawai. Cikin 1969 hukumar Bell ta ga abin yana cin kuɗi da lokaci, ta janye hannunta. Ritchie ya ga da idonsa yadda yawan kaya ke hana tafiya.

HAIHUWAR C

A wannan shekara ta 1969 abokin aikinsa Ken Thompson ya sami wata ƙaramar kwamfuta, PDP-7, da ba a cika amfani da ita ba, ya fara gina ƙaramar manhaja a kanta wadda daga baya aka raɗa wa suna Unix. Thompson ya ɗauki harshen BCPL na wani Bature ɗan Ingila mai suna Martin Richards, ya rage shi har ya shiga cikin wannan ƙaramin inji, ya kira shi B. Cikin 1970 suka sami sabon inji, PDP-11, wanda ma'adanarsa ba ta wuce gurbin harafi kimanin 24,000 ba. Hoto ɗaya da masu karatu ke ɗauka da waya yau ya ninka haka sau da yawa. A irin wannan ƙunci, duk abin da aka ƙara wa tafinta sai ya ci wurin wani abu.

Harshen B yana da tawaya guda. Bai bambanta harafi da lamba ba, kome a wurinsa girmansa ɗaya, alhali sabon injin yana auna ma'adanarsa harafi-harafi. Daga 1971 Ritchie ya shiga gyara. Ya ga cewa wannan matsala rumbu ba zai magance ta ba, domin tilas tafinta ya san girman kowane abu kafin ya keɓe masa wuri. Don haka ya shigar da jinsin bayanai cikin uwar harshe, wannan harafi ne, wannan lamba ce, wannan manuni ne zuwa wani gurbi. Daga baya ya ƙara hanyar ɗaure bayanai daban-daban cikin ƙunshi ɗaya. Sabon harshen aka kira shi C, mafi yawan aikinsa kuma cikin 1972 aka yi shi. Cikin 1973 shi da Thompson suka sake rubuta zuciyar Unix da C, a zamanin da yawancin masana ke ganin irin wannan aiki sai da lambobin injin kai tsaye.

Abin da ya bari a waje shi ne ya fi ba mutane mamaki. Cikin uwar harshen C babu kalmar karanta, babu kalmar rubuta, babu ta buɗe fayil, babu ta roƙon ƙarin wuri a ma'adana, babu ta kwatanta jimla da jimla. Manyan harsunan zamanin ba haka suke ba. Fortran, wanda John Backus da jama'arsa suka fitar a IBM cikin 1957, yana da kalmomin karatu da rubutu da tsara shafi cikin jikinsa. COBOL na 'yan kasuwa yana da keɓaɓɓun kalmomi ɗaruruwa. Shi kuwa Ritchie ya riƙe al'adar da ya gada daga BCPL da B, ya tura duk waɗannan ayyuka rumbu. Mai son ya buga rubutu a allo sai ya kira wani ɗan aike mai suna printf, wanda shi ma da C aka rubuta shi, kuma ba shi da wata alfarma da ta fi ta ɗan aiken da kowane ɗalibi zai rubuta da hannunsa.

ZANGO IRI ƊAYA A KOWANE GARI

Barin kaya a waje shi kaɗai bai isa ba, kuma akwai misalin da ya riga ya nuna haka. Harshen Algol 60, wanda manyan masanan Turai da Amurka suka tsara cikin 1960, shi ma bai faɗi yadda za a karanta ko a rubuta ba, kuma ba a yi yarjejeniya a kan rumbu ɗaya ba. Kowane mai inji ya yi nasa, sai ya zama manhajar da aka rubuta a wannan gari ba ta aiki a wancan sai an yi mata kwaskwarima. Mutanen Bell sun kauce wa wannan rami. Da aka yi wa injunan Honeywell da na IBM tafintan C, wani abokin aikinsu mai suna Mike Lesk ya rubuta rumbun karatu da rubutu wanda sunayen 'yan aikensa iri ɗaya ne a kan kowane inji, ko da yake cikinsu ya bambanta. Aka sake gyara wannan rumbu, ya fito cikin bugu na bakwai na Unix a 1979.

Amfanin wannan tsari ya bayyana tsakanin 1977 da 1978, sa'ad da Ritchie da Steve Johnson suka ɗauke Unix ɗungurungum suka dasa ta a kan injin Interdata 8/32, wanda ƙirarsa ta sha bamban da ta PDP-11. A Jami'ar Wollongong ta Ostireliya ma an yi irin wannan dashe cikin 1977. Tun da yake uwar harshen ƙarama ce, yi wa sabon inji tafinta bai zama babban aiki ba, abin da ya dogara ga injin kuma an killace shi a wurare kaɗan. Daɗin daɗawa, wata yarjejeniya da AT&T ya yi da gwamnatin Amurka cikin 1956 ta hana shi shiga wata sana'a ban da ta sadarwa, saboda haka ya riƙa ba jami'o'i Unix a kan kuɗi kaɗan. Ɗalibai suka koye ta, suka fita da ita duniya tare da C.

Cikin 1978 Ritchie da Brian Kernighan suka wallafa littafin koyon harshen, The C Programming Language, ɗan siriri wanda bai kai shafi 250 ba. Shekara da shekaru wannan littafi shi ne alƙali in an yi gardama a kan ƙa'idar C.

RIGIMAR KALMA GUDA

Da harshen ya bazu, hukumar daidaita ma'auni ta Amurka, ANSI, ta kafa kwamiti cikin 1983 domin a rubuta ƙa'idarsa a hukumance. Ritchie ya bar wa kwamitin aikinsa, yana kallo daga gefe. Amma cikin 1988, da kwamitin ya kawo wata sabuwar kalma, noalias, wadda aka ce za ta taimaki tafinta ya fitar da manhaja mai sauri, sai ya rubuta musu takarda mai zafi. Ya nuna cewa ma'anar kalmar ba ta fita sarai ba, kuma za ta rikita yadda ake bayyana 'yan aiken rumbu da kowa ya saba da su. Kwamitin ya cire ta. Ƙa'idar da ta fito cikin 1989 tana da keɓaɓɓun kalmomi 32 kacal, kuma ta ƙunshi uwar harshe da rumbu gaba ɗaya, watau duk inda ka je za ka tarar da zango iri ɗaya. Bukatar da ta haifar da noalias ba ta mutu ba, sai da aka yi shekara goma ana nazari kafin a shigar da wata kalma mai sauƙin ma'ana, restrict, cikin ƙa'idar 1999.

Har ila yau ƙa'idar ta yarda a yi amfani da uwar harshen kusan ita kaɗai a inda ba wurin ajiye cikakken rumbu. Wannan ya sa ake rubuta umarnin ƙananan na'urorin da ke cikin mota da rediyo da injunan asibiti da C. Shi ya sa kuma Linus Torvalds, ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, ya iya gina Linux da shi daga 1991, ya yi wa zuciyar manhajar tata 'yan aiken na kanta.

KOWANE ALLAZI DA NASA AMANU

Ba za mu ɓoye wa masu karatu hasarar da wannan shawara ta jawo ba. A cikin C, jimla jerin haruffa ce kawai da ake sa wa sifiri a ƙarshe, kuma tafinta ba ya duba ko abin da ake zubawa ya fi ƙarfin mazubin. Cikin rumbu akwai wani ɗan aike mai suna gets, wanda aikinsa shi ne ya karɓi layin rubutu ya zuba a wurin da aka nuna masa, ba tare da an gaya masa girman wurin ba. In rubutun ya yi yawa sai ya malala ya rufe abin da ke makwabtaka da shi, mugu kuma yana iya tsara malalar ta yadda zai ƙwace injin. Ran 2 ga watan Nuwamba, 1988, wani ɗalibi mai suna Robert Tappan Morris, wanda mahaifinsa ya taɓa aiki tare da Ritchie a Bell, ya saki wata manhaja mai yaɗa kanta wadda ta bi ta wannan ƙofa da wasu ƙofofin, ta durƙusar da injuna dubbai a intanet ta wancan lokaci.

Ko da yake kowa ya san haɗarin gets tun daga ranar, ba a cire shi daga ƙa'idar C ba sai cikin watan Disamba na 2011, shekara 23 bayan aukuwar abin. Wannan ya nuna cewa rumbu ma, in jama'a suka dogara da abin da ke cikinsa, share shi ba wasa ba ne. Duk da haka an cire shi ba tare da an taɓa ko kalma ɗaya ta uwar harshe ba. Amma tushen ciwon, watau rashin duba iyakar mazubi, yana cikin uwar harshen ne, kuma babu ɗan aiken da zai warkar da shi gaba ɗaya. Har yau wani babban kaso na ramukan da ɓarayin intanet ke bi daga nan yake fitowa. Cikin watan Fabrairu na 2024 wani ofishi na fadar shugaban Amurka ya fitar da rahoto yana jawo hankalin masu rubuta manhaja su koma ga harsunan da ke tsare ma'adana da kansu.

Waɗanda suka zo daga baya sun ci gaba da jan wannan iyaka gaba da baya. Ken Thompson kansa, da shi da Rob Pike da Robert Griesemer suka fitar da harshen Go a kamfanin Google cikin 2009, sun riƙe ƙarancin kalmomi, guda 25, amma sun shigar da jimla da duba iyaka cikin uwar harshe. Harshen Python kuwa ya yi akasin haka cikin 2008, ya fitar da umarnin buga rubutu daga cikin keɓaɓɓun kalmominsa ya mai da shi ɗan aike kamar sauran. Shi ma C, kalmomin gaskiya da ƙarya da ya ajiye a bakin rumbu tun 1999, sai da aka ga kowa ya saba da su sa'an nan aka shigar da su uwar harshe cikin ƙa'idar da aka buga a 2024.

ƘARSHEN RAYUWARSA

Ritchie mutum ne mai shiru, ba ya son fitowa gaban jama'a, abokan aikinsa kuma sun fi saninsa da haruffan nan uku na sunansa, dmr. Shi da Thompson sun sami lambar Turing cikin 1983, wadda ita ce mafi girma a fannin kwamfuta. Cikin 1999 Shugaba Bill Clinton ya rataya musu lambar fasaha ta ƙasar Amurka, cikin 2011 kuma suka sami babbar lambar ƙasar Japan. Ya shugabanci sashen da ya yi aikin manhajojin Plan 9 da Inferno, ya yi ritaya cikin 2007 bayan shekara 40 a wuri ɗaya. Ran 12 ga watan Oktoba, 2011, aka tarar da shi ya mutu a gidansa da ke Berkeley Heights, inda yake zaune shi kaɗai, bayan ya daɗe yana fama da rashin lafiya. Yana da shekara 70. Mako guda ke nan da mutuwar Steve Jobs na kamfanin Apple, hankalin jaridun duniya yana can, saboda haka ba a yi ta yayata labarinsa ba, alhali kuwa manhajar na'urorin Apple ɗin ma daga zuriyar Unix ta fito.

Yaranmu da ke karatun kwamfuta, a Jami'ar Maiduguri suke ko a ta Ikko, za su iya ɗaukar ma'auni daga aikin wannan mutum. Abin da tilas tafinta ya sani kafin ya yi aikinsa, wurinsa uwar harshe. Abin da ake iya rubutawa da harshen kansa, wurinsa rumbu, muddin an yi yarjejeniya a kan rumbun. Abin da ma'anarsa ba ta fita ba tukuna, a bar shi a waje har a ga yadda jama'a ke amfani da shi. Darasin da gets ya ƙara shi ne, tsaron lafiyar ma'adana yana cikin abubuwan da ba a barin su ga ɗan aike. Injin PDP-11 wanda ƙuncinsa ya sa Ritchie ya yi wannan tsimi an daina ƙera shi tuntuni, amma harshen da aka ɗinka daidai jikinsa yana cikin wayar da za ku kira gida da ita yau da dare.

Sai mun sadu a mako mai zuwa.